Lomar Tuwo a Jajibirin Gwajin Hanji

A unguwar Ƙofar Atiku, cikin birnin Sakkwato, an yi wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Abdulwahabu. Yadi yake sayarwa, shadda da leshi da atamfa. A shekarun nan da arzikin man fetur ya ɓarke, soja na riƙe da mulki, kowane ma'aikaci na son ya ɗinka sabuwar riga, shi ma Allah ya buɗa masa. Ya rushe zauren ƙasa da ya gada ya gina na siminti, ya sayi farar Fijo. Ba marowaci ba ne, ba kuma ya wasa da salla. Aibinsa guda ne, amma babba: yana son a yi dariya, ba ya son a yi da shi. In ya ga rauni a jikin mutum sai ya laƙaba masa suna, sunan kuma ya bi mutumin har kabari. Shi kuwa ko tuntuɓe ya yi a hanya, sai ya waiwaya ya ga ko wani ya gani kafin ya duba yatsansa.

A ƙofar gidansa ake ciyayya. Kullum in an sallame Magariba, magidanta bakwai na layin sukan fito, kowa da akushin gidansa, a shimfiɗa tabarmi, a haɗa tuwo a tsakiya a ci tare. Tun zamanin iyayensu ake yin haka a wannan ƙofa. Akwai ƙa'idar da ba wanda ya taɓa rubutawa amma kowa ya sani: kowane akushi sai kowa ya sa masa hannu, ko da loma ɗaya ce. Wanda ya tsallake akushin maƙwabcinsa ya faɗi magana ke nan ba tare da ya buɗe baki ba. Malam Sodangi, limamin masallacin layin, shi ne babba a shekaru, amma Alhaji Abdulwahabu ne mai bakin wurin. Shi ke kawo hira, shi ke zaɓar wanda za a yi wa dariya a ranar.

Cikin masu ciyayyar akwai wani baduku mai suna Dodo, mutum mai sanyin hali. Shekaru huɗu kafin wannan labari, fitsari ya taɓa tsaya masa, aka kwantar da shi asibiti aka sa masa roba. Da ya samu sauƙi ya dawo tabarma, cikin gaskiyar zuciyarsa ya ba su labarin abin da aka yi masa. Bai rufe baki ba Alhaji ya tafa hannu ya ce, "To, ga Dodo Hwamho ya dawo muna!" Aka bushe da dariya. Kafin mako ya zagayo, masu shaguna na kiransa Famfo, matan unguwa na kiran matarsa matar Famfo. Dodo bai daina fitowa ciyayya ba, sai dai ya koma can bakin tabarma, ya ci ya wanke hannu ya yi shiru. Daga ranar ba wanda ya ƙara faɗin ciwonsa a wannan ƙofa.

Ana nan, sai Alhaji Abdulwahabu ya fara ganin jini idan ya zaga bayan gida. Ya ce basir ne. Ya sayi saiwoyi a tsohuwar kasuwa ya jiƙa, ya sha na wata biyu. Jinin ya ɗauke kwana kaɗan ya dawo. Ya hana a ba mai wanki wandunansa na ciki, ya ce matarsa Hajiya Sadiyatu ta riƙa wankewa da kanta. Ita kuwa mace ce mai haƙuri, amma idonta ba ya barci. Wata safiya ta kawo masa fura, ta tsaya ba ta fita ba.

"Alhaji, na wanke wandonka ukku makon ga, dut da jini," in ji ta. "Kuma zoben hannunka ya hwara yi maka yawa. Basir ba shi ramad da mutum haka."

"Ke likita ta?"

"Ni ba likita ta ba. Amma in ba ka tahi asibiti ba, zan tahi in hwaɗa ma Malam Sodangi shi yi maka magana."

Wannan barazana ce ta tashe shi. Ba ciwon ya ji wa tsoro ba, jin sunan liman ne ya sa ya ɗauki makullin mota.

A wani asibiti na cikin gari akwai wani likita Bamisire da aka ɗauko aiki, an kuma sayo masa wani sabon abin leƙa hanji da ba a saba gani ba. Likitan ya tattaɓa cikin Alhaji, ya duba idonsa, ya yi tambayoyi. Mai yi masa tafinta wani dattijon malamin asibiti ne, Malam Lawali, mai furfura a gemu, wanda ya shekara ashirin yana aikin. Da likita ya gama bayani, Malam Lawali ya ja Alhaji zuwa wani ɗan ofis ya rufe ƙofa.

"Likita ya ce shina son shi leƙa cikin hanjinka," in ji shi. "Mai yiwuwa basir na, mai yiwuwa wani ɗan tsiro na. In tsiro na kuma anka same shi shina ƙarami, ana cire shi, ka tashi ka ci gaba da kasuwarka."

"Leƙawa ta ina?"

"Ta inda jinin ka hitowa."

Alhaji ya miƙe tsaye har babbar rigarsa ta ture kujera. "A'uzu billahi! Ni? Da girmana da iyalina?"

Malam Lawali bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya tayar da kujerar ya ce, "Zamna, Alhaji. Dut wanda munka gaya ma wagga magana haka shika miƙewa. Alƙalai sun miƙe, hakimai sun miƙe, sun kuma dawo sun kwanta. Abin wata siririyar roba ta mai hitila ga baki, kaurinta bai hi yatsanka ba. Za a yi maka allura ka yi gyangyaɗi. Ana ruhe ka da zane, ba a buɗe ko'ina sai wurin aiki. Daga ni sai likita cikin ɗakin, kuma abin da munka gani nan shika tsayawa. Kahin ka ja carbi biyar an ƙare."

"Da zahi?"

"Kumburin ciki za ka ji, kamar wanda yac ci wake da yawa. Shi ke nan."

Alhaji ya zauna. Maganar dattijon ta ɗan sanyaya masa rai. Sai Malam Lawali ya ɗauko wata takarda da kwalba biyu ya ajiye a gabansa.

"Gwajin ba shi na mai wuya ba," in ji shi. "Shirin shi na aiki. Ran Alhamis da sahe za a yi. Litinin da Talata ba ka cin komi sai koko tsararo da anka tace, da shayi ba madara, da romo ba nama. Laraba ko kokon ma ka bar shi, ruwa da shayi da romo kaɗai. Ga maganin wankin ciki, ka sha kamar yadda anka rubuta. Ba tuwo, ba hura, ba goro. In kac ci ko loma guda, likita ba shi ganin komi. Kamar mai leƙen rijiyar da anka burkuta na. Ka ji ni da kyau?"

"Na ji."

Ya ji ɗin kuwa, babu abin da ya shige masa duhu. Yana tuƙi zuwa gida yana lissafin kwanakin, kuma ba yunwa yake tunani ba. Magariba uku yake tunani.

Da ya gaya wa Hajiya Sadiyatu, ita ce ta ƙarasa kwantar masa da hankali. Ta ce ita ta haihu sau shida a gaban unguwarzoma, ba ta ga girmanta ya ragu ba. Ta ce za ta tace kokon da hannunta, za ta yi masa romon kaza mai daɗi, ita ma ba za ta ci tuwo ba sai ya ci. Sannan ta ce, "Ka hwaɗa ma mutanen ƙohwa likita ya hana ka tuwo kwana ukku. Ba sai ka ce don mi ba."

"Ba ki san su ba," in ji shi. "In nac ce likita, za su ce wane ciwo. In nac ce ciki, za su ce wane gwaji. Kahin Juma'a dut Ƙohwar Atiku ta ba ni suna."

"Wa ka ba mutane suna a ƙohwar nan in ba kai ba?"

Ya watsa mata harara, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya ji haushi.

Ranar Litinin ta zo masa da sauƙi. Da rana abokan kasuwa suka yi masa tayin abinci ya ce azumin nafila yake. Ana kiran Magariba ya shiga mota ya nufi Gawon Nama, ya bar sallahu cewa ya tafi dubiya. Ya yi salla a wani masallacin da ba a san shi ba, ya zauna cikin mota a gindin wata bishiyar dogonyaro har ya tabbatar an naɗe tabarmi. Babban mutum mai gida da mota, yana ɓuya a unguwar mutane don kada a gan shi ba ya cin tuwo.

Ranar Talata bai samu hanyar gudu ba, don Malam Sodangi ya riƙe hannunsa tun daga masallaci suna magana har tabarma. Aka buɗe akussa. Ƙamshin man shanu ya bugi hancinsa, cikinsa ya yi ƙugi. Ya ce, "Bisimillanku, ni na ci walima can kasuwa, cikina ya cika." Suka dube shi, suka dubi juna, suka ci. Ya yi ƙoƙarin kawo hira amma muryarsa ba ƙarfi. Sau biyu yana tashi ya shiga gida, don maganin wankin ciki ya fara aikinsa.

Laraba ce ta fi tsanani. Bazara ce, zafin Sakkwato na dukan ƙasa tun hantsi. Ya wuni a gida tsakanin tabarma da bayan gida. Zuwa La'asar abin da ke fita daga cikinsa ya koma ruwa garau, kamar yadda Malam Lawali ya ce zai zama in shiri ya yi kyau. Hajiya Sadiyatu ta yi murna ta ce, "Alhamdu lillahi, saura dare guda." Ta roƙe shi ya yi Magariba a ɗaki ya kwanta. Ya ce in bai fita ba za su shigo dubiya, in sun shigo kuma sun ga kwalaben magani. Ya sa babbar riga ya fita.

Bayan salla aka jera akussa bakwai. Ba wanda ya buɗe. Malam Sodangi ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Alhaji, kahin mu ci, akwai magana. Shekaranjiya ba mu gan ka ba. Jiya ka zamna ba ka sa hannu ga akushin kowa ba. Yau kwana ukku ke nan. Addini bai yarda Musulmi shi ƙaurace ma ɗan'uwanai hiye da kwana ukku ba. In wani cikinmu ya yi maka laihi, hwaɗi nan gaban kowa, a ba ka haƙuri."

"Ba wanda yay yi mani komi, Malam."

"To mi ka hana ka cin tuwonmu?"

Kowa ya zuba masa ido. A nan ne Dodo, wanda ya shekara huɗu ba ya sa baki a hira, ya matso da akushinsa kaɗan ya yi magana a hankali.

"Alhaji, ko ba ka lahiya na? Na ga ka rame. In likita na ya hana ka, ka hwaɗi, ba abin kunya na ba."

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Kalma ɗaya ta ishe shi: i. Zuciyarsa ma ta ce masa ya faɗa. Amma ya dubi Dodo, ya tuna irin dariyar da aka yi a kan wannan tabarma shekara huɗu da suka wuce, ya ji a ransa yadda za ta yi ƙara in ta juyo kansa. Sai ya ƙyalƙyale da dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ni da likita? Ka gan ni da hwamho, Dodo?"

Mutum biyu suka yi 'yar dariya. Dodo ya sunkuyar da kai. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya jawo akushin Dodon da kansa ya buɗe. Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa ɗanya, wadda Sakkwatawa ke kira guro. Ya ce Bisimilla ya yanki loma. A ransa ya ce loma ɗaya ba za ta ɓata komai ba. Amma ƙa'idar wurin ita ce kowane akushi a sa masa hannu, ga kuma yunwar kwana uku. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, miyar kuka, miyar sure, dambu, har da ƙashin rago da ya tsotse. Malam Sodangi ya yi hamdala ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta.

Da ya shiga gida Hajiya Sadiyatu ta tambaye shi yadda ya yi da su. Ya ce ya gaya musu haƙori ke damunsa.

Da safe aka shigar da shi ɗakin gwaji. Malam Lawali ya tambaye shi ko ya bi takardar, ya ce tsaf. Aka ba shi riga mai tsaga a baya, ya kwanta ta gefen hagu, aka lulluɓe shi da zane. Ya yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Aka yi masa allura, jikinsa ya mutu, ya ji muryoyi na nisa. Ya ji ɗan kumburin ciki kamar yadda aka faɗa masa, ba wani abu ba. Abin da ya hana shi barci mako guda ya zo ya wuce kamar gyangyaɗin bayan Azahar. Har ya fara jin kunyar tsoron da ya yi.

Da ya wartsake, ya ga likita tsaye yana wanke hannu, fuskarsa ba walwala. Malam Lawali ya jawo kujera kusa da gadon.

"Alhaji, mi kac ci jiya?"

"Ban ci komi ba. Ruwa da romo."

"Romo ba shi da 'ya'yan guro," in ji Malam Lawali. "Mun gan su da idonmu, ga su nan birjik. Likita ya shiga kamu guda, hanya ta toshe. Ya ga jini shina gangarowa daga sama, amma bai ga inda shika hitowa ba. Wahalarka ta kwana ukku ta tahi banza. Ya ce ka sake shiri, ka dawo bayan mako biyu. Kuma ya ce in gaya maka kada ka yi wasa da wanga jini."

Ba a yi masa faɗa ba, ba a yi masa dariya ba. Amma an kama shi da ƙarya kwance cikin riga mai tsaga, wannan kuwa ya fi masa ciwon zafi. Ya sa tufafinsa ya fita. Malam Lawali ya bi shi har mota da sabuwar takarda, ya karɓa ya cusa a aljihu. A hanya ya yage ta ya watsar ta taga.

Hajiya Sadiyatu na tsakar gida tana jiransa, ita ma kwana uku ba ta ci tuwo ba. Ya ce mata, "Basir na. Sun ce in rage yaji." Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah har da hawaye, ta sa aka yanka kaza aka yi sadaka. Ya tsaya yana kallonta, amma bai gyara maganarsa ba.

Mako biyu suka wuce, bai koma ba. Sau ɗaya Malam Lawali ya biyo ta shagonsa a kasuwa, Alhaji ya hango shi ya shige bayan tulin atamfa ya ce a ce ba ya nan. Damina ta zo ta wuce. Ya koma kan saiwoyinsa. In jinin ya ɗauke kwana biyu sai ya ce ya warke, in ya dawo sai ya ce yaji ne. Ya ci gaba da fita ciyayya, sai dai lomarsa ta riƙa ƙanƙancewa, rigunansa suka riƙa yi masa yawa. Bayan Babbar Salla ciwon ciki ya fara tayar da shi tsaye. Da bazara ta sake zagayowa, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ba ya iya tuƙa motarsa.

Wata safiya ya faɗi a bakin bayan gida. Da ya farfaɗo ya ga kansa a cinyar Hajiya Sadiyatu, a nan ya gaya mata gaskiya: tuwon da ya ci, ƙaryar da ya yi wa likita, takardar da ya yage. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Ni kuma har sadaka nay yi." Wannan kaɗai ta faɗa, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

A wannan karon ya yi shirin yadda ya kamata. Bai ma sha wuya ba, don cikin ba ya karɓar tuwo ko an ba shi. Aka kwantar da shi a gado ɗaya, aka lulluɓe shi da zane iri ɗaya. Likita ya ga komai sarai. Bayan an gama ya daɗe yana danna gefen cikinsa na dama, sannan ya yi magana a hankali, Malam Lawali na fassarawa yana kallon ƙasa.

"Ya ce ciwon daji na. Ya kusa toshe hanjin, kuma ya kai ga hanta. Aiki ba shi cire shi yanzu. Za a ba ka maganin rage zahi."

"Bara fa?" in ji Alhaji. "Da ya gani bara?"

Malam Lawali ya tambayi likita. Likita ya ɗaga kafaɗa, ya nuna kan babban yatsansa.

"Ya ce Allah ɗai ya san gaibu. Amma bara mai yiwuwa tsiron bai hi kan yatsa ba, hantarka lahiya take, kuma wurin da ciwon shike bai hi taƙi guda ba daga inda hitilar tat tsaya."

Taƙi guda. Alhaji ya buɗe tafin hannunsa ya dubi tazarar da ke tsakanin babban yatsa da na tsakiya. Ya rufe ido, hawaye suka gangaro masa ta gefen kunne.

Kwana biyu bayan an dawo da shi gida, ya ce a fitar da shi ƙofa bayan Magariba. Aka riƙo shi aka jingina shi da bangon zaure. Aka jera akussa. Kafin a buɗe ya ɗaga hannu.

"Ku dakata, ina da magana. Bara, ranar da Malam yat tambaye ni mi ka hana ni cin tuwo, ƙarya nay yi. Likita na ya hana ni. Gwajin hanji za a yi mani washegari, da roba, ta baya." Ya tsaya ya jira. Ba wanda ya yi dariya. "Na ci tuwon don kada ku ba ni suna. Gwajin ya ɓaci. Yanzu sun ce lokaci ya ƙure."

Malam Sodangi ya dafe kai. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na matsa maka, Alhaji. Da na sani..."

"Ba laihinka na ba, Malam. An tambaye ni." Ya juya wajen bakin tabarma. "Dodo, kai kat tambaye ni. Ka gahwarta mani. Na ranar nan, da na shekara biyar."

Dodo ya tashi, ya ɗauki akushinsa a rufe ya shiga gidansa. Mutane suka ɗauka fushi ya yi, ba kuma wanda ya ga laifinsa. Can sai ga shi ya dawo da ƙwarya da ludayi biyu. Ya ratsa tabarma, ya zauna kusa da Alhaji, wurin da bai zauna ba shekara biyar.

"Na yahe tun tuni," in ji shi. "Koko na, an tace. Na san ba ka iya tuwo. Da ka hwaɗi bara, haka za mu yi. Kwana ukku na kawai, Alhaji."

Washegari da aka fito, babu akushi ko ɗaya a kan tabarma. Ƙore bakwai aka jera, kowace da koko tsararo. Ba wanda ya ba da umarni, kowa dai ya gaya wa matarsa. Magidanta shida masu lafiya da ƙarfin ci suka zauna suna kurɓar koko tare da shi, kowa na miƙo masa ƙwaryarsa ya ɗan taɓa da ludayi, don kada ƙa'idar wurin ta karye. Haka suka yi kullum har kwana talatin da ɗaya. Alhaji yakan riƙe ludayin yana kallonsu, wani lokaci ya kasa haɗiyewa don kuka. Abin da ya ji tsoron roƙonsu na kwana uku, sun ba shi na wata guda ba tare da ya roƙa ba.

A rana ta talatin da biyu, da hantsi, Allah ya karɓi ransa. Dodo na cikin waɗanda suka yi masa wanka, shi ne kuma ya riƙe zanen da aka suturta shi.

Darasin wannan labari a fili yake. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma gwajin da likita ya ce a yi, komai nauyinsa a zuciya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan cutar da ake nema. Wanda aka ba ƙa'idar shiri ya bi ta daidai, in kuma ya karya, ya faɗi gaskiya ya sake, don likita ba ya ganin abin da aka rufe masa. Kada mutum ya ɓoye wa iyalinsa da maƙwabtansa halin da yake ciki saboda tsoron bakinsu, sau da yawa tausayinsu ya fi yadda yake zato. Sannan mu kiyayi mayar da ciwon wani abin dariya. Alhaji Abdulwahabu da bakinsa ya mayar da ƙofar gidansa wurin da ba a iya cewa "ba ni da lafiya", kuma ranar da ya buƙaci faɗin haka, shi ma ya kasa.